Kwana Uku Ina Auna Fitsarina

Assalamu alaikum. Wata takwas ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu tambayar ko lafiya, ga abin da ya same ni.

Ina dawowa daga Kabo zuwa Gwarzo bayan la'asar, mutum uku suka tare ni suna son babur ɗina. Na ƙi saki. Ɗaya ya zabga min gora a ƙeya, na faɗi, suka yi ta shurina a mara da tsakanin ƙafafu har na daina motsi.

Raunukan waje sun warke. Fitsari ne ya ƙi.

In na tsuguna sai in yi ta yunƙuri, ɗigo-ɗigo yake fita, da raɗaɗi kamar an zuba barkono.

A asibiti aka miƙo min takardar tambayoyi: sau nawa kake fitsari, yana yankewa, yana kufce maka? Nas ɗin mace ce, ga mutane a layi. Kunya ta sa na yi ta zaɓar "wani lokaci". Aka ba ni ƙwayoyi, na tafi.

Abu ya ci gaba. Rannan na fito daga banɗaki na maka buta da bango, na naushi ƙofa har hannuna ya fashe. Matata Rabi ta ce, "Malam, ko ka koma asibiti, ko in kira Yaya ya ɗaure ka ya kai ka."

Na koma. Likita ya ba ni kofin awo da takarda. "Kwana uku. Duk abin da ka sha, duk fitsarin da ka yi, a rubuta lokaci da yawansa."

Rabi ce ta riƙe biro. In na ce ta rage adadin, sai ta ce, "Abin da na gani zan rubuta."

Bayan kwana uku, likita ya jera takardun biyu, ta tambayoyi da ta awo. "Wannan ta ce da sauƙi. Wannan ta ce sau ashirin da uku a rana, kowanne bai kai rabin kofin shayi ba. Wacce ce taka?"

Na sunkuyar da kai.

Hoton da aka yi min ya nuna dukan ya bar tabo, ya tsuke hanyar fitsari, har ƙodata ta fara kumbura. Aka yi min aiki a Kano, na yi sati uku da robar fitsari. Ranar da aka cire ta, fitsari ya zubo da ƙarfinsa, na yi kuka a tsugune.

Alhamdulillahi. Allah ya saka wa Rabi, da likitocin, da ku masu addu'a.

In an ba ku takardar tambayoyi, ku faɗi gaskiya. In baki ya yi nauyi, ku nemi ta awon, ku rubuta. Ƙaryar minti biyar ta kusa cinye min ƙoda.