Cediyar Baba da Kututturen Mama

Shekarar da na fara koyar da kimiyya a firamare, ina zaune a gidanmu na Tudun Wada. A ƙofar gida akwai cediya cike da jemagu, a gefenta kuma wani ruɓaɓɓen kututture da laimar kwaɗi ke fitowa jikinsa duk damina. Mu ba ma ci. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa Kirista da ta daɗe tana aikin jinya, wadda kowa ke kira Mama, ita ke tsinka ta yi miya.

Baba malami ne mai son gardamar ilimi. Wata rana bayan la'asar ya tambaye ni ko boko ya sa jemage cikin tsuntsaye. Na ce a'a, dabba ne, tunda yana haihuwa yana shayarwa. Wannan ya yi masa daɗi. Da na ƙara da cewa laimar kwaɗi kuwa ba tsiro ba ce, jinsinta daban, ruɓaɓɓen itace take ci, sai ya ƙi yarda. Mama da ke tsugune wajen kututturen ta ce a baki dai nama ce.

Lokacin nan kuɗin fetur sun shigo gari, kowa na rushe ginin ƙasa yana sa bulo. Yayana ya sayo mota, ya ce a sare cediyar a yi gareji, dama jemagun na ɓata masa gilashi da kashi.

Baba ya ce, "Sun riga ka zama a gidan nan. Matsa da gininka."

Aka matsa, magina suka tumɓuke kututturen suka ƙona. Ba wanda ya tuna da shi, har ni. Da ruwa ya sauka Mama ta zo da tasarta, ta tarar da siminti. Ta gaishe mu, ta juya.

Abin ya dami Baba. Ya ce mini ya tsaya wa masu kuka, ya manta da wanda ba shi da baki. Ya roƙi matan ƙauye masu kawo itace su riƙa samo wa Mama laimar kwaɗi. Ranar da suka fara kawowa ta baje a faifai, ta zubar da rabi ta ce guba ce, sauran ta yi miya ta aiko mana.

Baba ya yi bisimilla ya ɗanɗana. Ya ce har yanzu tsiro ce, amma a ƙaro masa tuwo.