Jamusancin Mai Gyaran Agogo

Ko da zan manta sunan unguwarmu, ba na jin zan manta da watanni bakwai da na yi ina koyon Jamusanci a wani shagon gyaran agogo a Balad, tsohuwar unguwar Jidda.

A Jidda aka haife ni, a unguwar Sa'alaba na girma. Lokacin ina ɗan shekara ashirin da biyu, ina aiki a wani sito a Khumra, sai wata jami'a a Jamus ta ba ni gurbin karatun injiniya. Sharaɗi ɗaya suka sa: in kawo shaidar cewa ina jin harshensu kafin ƙarshen bazara, in ba haka ba gurbin ya wuce. Ga iƙamata, wato takardar izinin zamana, ta kusa ƙarewa, kafilina da ya tsaya mini a kanta kuma ya fara ƙorafi. Wannan gurbin shi ne ƙofar da nake gani a gabana.

Da na gaya wa mahaifina zan shiga makarantar koyon harshe, sai ya ce babu buƙata. Yana da amini a Balad, wani dattijo mai gyaran agogo, wanda ya yi shekara uku yana dafa wa ma'aikatan jirgin ruwa abinci a Turai. "Jamusanci a bakinsa kamar ruwa," in ji Baba. "Gobe za ka fara."

Haka na fara. Kullum bayan la'asar sai in zauna a kan wani akwati a shagonsa, yana gyara yana koya mini. Mutum ne mai kirki, kuma malami na gaske: ba ya barin kalma sai na furta ta daidai. Yakan kira ni ya waladi, wato ɗana, ya ce, "Daga maƙogwaro, ya waladi. Kamar kha ɗinmu ta Larabci. Ce khuye morkhe."

Tun a mako na biyu na lura da wani abu. A littafin da na saya, gaisuwar safe guten morgen ce. Na nuna masa a hankali. Ya ɗaga gilashinsa ya duba, ya ture littafin gefe.

"Wannan na takarda ne," ya ce. "Kai, Larabcin makaranta kake yi a kasuwa? Na mutanen gari nake koya maka."

Hujjar ta kama ni, don duk ɗan Jidda ya san Larabcin aji daban, na titi daban. Na rufe littafin, ban sake buɗe shi ba. Har tausayin masu zuwa makaranta nake ji.

Ranar jarrabawar baki aka shigar da mu biyu-biyu. Abokin zamana wani likita ne Bamasare, sai gumi yake. Mai jarrabawar, wata Bajamushiya mai furfura, ta gaishe mu. Na amsa da ƙarfina daga can cikin maƙogwaro. Ta ɗan dube ni, ta ce in gabatar da kaina. Na kwashe kusan minti uku ina zuba: sunana, unguwarmu, aikina, har da yadda ake soya kifi wa mutum arba'in. Likitan ya saki baki yana kallona, ni kuwa na ɗauka burge shi na yi.

Matar ta ajiye biro. Cikin Larabcinta mai karyewa ta ce, "A ina ka koyi wannan?"

"A Balad," na ce, ina alfahari.

"Ka iya sosai. Amma wannan harshen mutanen Holan ne, kuma irin na masu dako a bakin teku."

Ta yi ƙoƙarin riƙe dariyarta, ta kasa. Ta ba ni haƙuri sau uku tana share hawaye. Likitan ya dafa ni ya ce Allah ya ba ni lada.

Daga can shagon na wuce. Dattijon ya saurare ni har na gama, sannan ya buɗe wata tsohuwar gwangwani ya zaro hoto: ga shi da ƙuruciyarsa riƙe da ludayi, a bayansa allo ɗauke da sunan tashar jirgi. Na duba sunan a wayata. A Holan take.

"To su da bakinsu suka ce harshen sunansa Dac," ya ce. "Da na dawo kuma wani alhaji ya ce mini ai Dac shi ne Jamusanci."

Na kira shi da Ammi, wato baffa, na ce, "Ammi, wancan Doyic ne, sunan da Jamusawa ke kiran harshensu. Dac na Holan ne."

Ya daɗe yana kallon hoton. Shekara talatin yana gaya wa duk Balad cewa ya zauna a Jamus. Can ya ce, "Halas, shi ke nan. Amma ai maƙwabta ne, ko?" Sai kuma ya kama hannuna, muryarsa ta yi ƙasa. "Na cuce ka, ya waladi."

Na shiga shagon da fushi, na fita ina lallashin tsoho.

Gurbin ya wuce. Na roƙi kafilina ya sabunta mini iƙama, na koma sito, na shiga makaranta ta gaske. Bayan shekara guda na sake nema, Allah ya sa suka karɓe ni. A makon farko a Jamus na zama ɗan ajin da ya fi kowa tambaya. Kafin in hau jirgin ƙasa sai na tambayi mutum uku inda ya nufa, kafin in ci abu a kantin jami'a sai an gaya mini abin da ke ciki.

Har yau ban ɗora wa dattijon laifi ba, don abin da ya sani ya ba ni, da zuciya ɗaya. Ni ne na ga bambancin da idona a mako na biyu, kunya da son sauƙi suka sa na rufe littafi. Na koyi cewa mutum zai iya ƙaunarka, ya yi maka gaskiya, kuma ya kai ka wata ƙasa daban. Girmama babba bai hana ka duba sunan tashar ba.