Baba Pindar, Mai Gadin Muryoyinmu

Kullum da safe, kafin masu ƙosai su sauke kaskon farko, Baba Pindar ya riga ya fito daga Moduganari a kan kekensa. Tun da aka hana hawa babur a Maiduguri ya sayi keken nan, har yau bai canza ba. In ya iso ƙaramin gidan rediyon da yake aiki, ba ofis yake fara shiga ba. Akwai wani ɗan ɗaki can baya inda aka ajiye babbar kwamfutar da suke kira saba. Nan yake zuwa ya ɗora tafin hannunsa a jikinta, kamar yadda nake taɓa goshin 'yata in na ji numfashinta ya canza. Sai ya tabbatar ba zafi, sannan ya fito a gaisa.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Duk daɗewarsa a gidan, muryarsa ba ta taɓa fita a rediyo ba, shi ya sa na ce bari ni in faɗi sunansa.

A shekarun da garuruwa suka watse, mutane suka yi ta kwararowa daga Bama da Gwoza, gidan rediyon ya buɗe shirin cigiya. Duk wanda ya rabu da nasa sai ya zo a ɗauki muryarsa a watsa. Muryoyin nan duka suna cikin sabar, kuma Baba Pindar ne ya hana a goge ko ɗaya. An sha ce masa wuri ya cika. Amsarsa ba ta canzawa: "Wanda ba a gani ba, ba a gama cigiyarsa ba."

Mijina Abdulnasir yana cikin masu muryoyin. Dillalin shanu ne. Ya je cigiyar mahaifiyarsa ina ɗauke da cikin fari, ranar da aka watsa kuwa ina asibiti wurin awo, ban ji ba. Ba da daɗewa ba aka ce an ga tsohuwar wajen Konduga. Ya fita da safe yana cewa in ajiye masa tuwo, har yau bai dawo ba. Ban ce ya mutu ba, don ba wanda ya nuna mini. Wayarsa da 'yan hotunanmu duk sun tafi tare da shi. Na haifi mace, na sa mata Hanifa, sunan kakarta.

Yarinyar ta fara wayo, wata rana ina yi mata kitso sai ta ce, "Mama, muryar Abbana irin ta wa ce? Irin ta liman, ko irin ta mai tallar kifi?"

Na buɗe baki zan amsa, sai na ga ni ma ta fara kuɓuce mini.

Shi ya kai ni gidan rediyon, a shekarar da aka fasa turakun lantarki gari ya koma kan janareta. Fanna, mai gabatar da shirin, ta kai ni wurin Baba Pindar. Ya saurare ni har na gama.

"'Yata, muryar tana nan," in ji shi. "Amma sai kin yi haƙuri. Na'urar nan faya-fayai shida ne a cikinta, kowane a durowarsa, kuma sun raba muryoyin a tsakaninsu. In ɗaya ya mutu, sauran za su riƙe. In biyu suka mutu, komai ya tafi. To ɗaya ya mutu. Muryoyin ba su da suna, sai an bi ana saurare, ita kuma ba za ta jure wannan wahalar yanzu ba. Na aika Kano a kawo sabo."

Na yi ta zarya daga Bulumkutu. A lokacin kowa ya san abin da hanyar Damaturu take ciki, tasowar mota ba ta nufin za ta iso. Da faifan ya iso, ina zaune a benci bakin ɗakin, Hanifa na kan cinyata.

Kowace durowa tana da 'yar fitilar da ya kamata ta nuna mai ciwon, amma fizgar janareta ta daɗe da ƙone su. Allon kwamfutar ne kawai yake cewa na uku ya mutu.

"Baba Injiniya, ga shi ta faɗa da bakinta," in ji Fanna. "Zare na ukun mu huta, baiwar Allah nan ta sha jira."

Har ya ɗora yatsa a kan maƙullin durowa ta uku, sai ya tsaya. Ya sunkuya ya zaro wani siririn zare ruwan hoda da ya maƙale a gefe.

"Wannan na wane ne?"

Fanna ta kalla, ta fashe da dariya. "Wayyo, laffayata! Baba, ranar da muka gudu daga tsohon ofis ne, aka rufe hanya ka kasa zuwa. Ni da Manasse maigadi muka ciro su duka, na naɗe a laffayata kamar ƙwai, kada Keke Napep ya jijjiga su."

"Yadda kuka ciro haka kuka mayar?"

"Haba Baba! Ana harbi a bayanmu, wa yake duba lamba? Mun zura, mun kunna, ta tashi, muka ce alhamdulillahi."

Ya janye hannunsa a hankali. "Kun kyauta. Da ba ku yi haka ba, da yau babu abin da za mu yi magana a kai. Amma ke nan na ukun da take nufi, Allah kaɗai ya san durowar da yake. In na zare mai rai, mun rasa duka."

Na ƙanƙame Hanifa har ta ce ina matse ta. Fanna ta ce a kashe na'urar mana, a ciro su a karanta lambar jikinsu. Ya girgiza kai. "Tsofaffi ne. In na kwantar da su, ba ni da tabbacin za su sake tashi."

Sai ya ɗauki dogon sukudireba, ya ce a kashe fanka. Akwai mai injin niƙa a maƙwabta, ya leƙa ta taga. "Ya Gana, don Allah ki ara mana shiru."

"Shiru kuma? Ni masara ake kawo mini, ba na sayar da shiru!"

Da Fanna ta je ta yi mata bayani, ba injin kaɗai Ya Gana ta kashe ba, har masu jiran niƙa ta hana tari.

Sai ya latsa kwamfutar ya umarci faifai guda ya yi karatu, sannan ya bi durowoyin yana dafa bakin sukudireban, ƙotar a kunnensa, idonsa a rufe. Inda ya ji ƙaras-ƙaras sai ya ɗiga jan farcen Fanna. Ya koma ya kira wani. Gumi yana ɗiga daga gemunsa, bai share ba.

Na kasa daurewa. "Baba, ka gane mataccen?"

"Mataccen ba zai amsa ba, 'yata. Masu ran nake kira. Duk wanda ya amsa in sa masa alama."

Durowa ta uku, wadda ya kusa zarewa, ta amsa raɗau. Ta biyar ce ta yi gum. Ya sake bin su daga farko, ta sake yin gum. Ya yi addu'arsa irin tasu ta Kirista, mu muka yi bisimilla, ya zare. Ya kai lambar jikin faifan kusa da allon ya gwada. Ita ce. Ya zura sabon, ya nemi kujera ya zauna.

Baba Pindar, kai ne ka tsaya saboda zare guda. Kai ne kuma, bayan na'urar ta warke, ka zauna ka bi muryoyin daminar da mijina ya zo cigiya ɗaya bayan ɗaya, kana jin kukan mutanen da ba ka sani ba, har ka aiko a kira ni.

Da muka je, Baba Pindar ya zaunar da Hanifa a kujerarsa, ya kunna.

"Salamu alaikum. Sunana Abdulnasir, ina zaune a Bulumkutu. Ina cigiyar mahaifiyata..." Sai Abdulnasir ya yi 'yar dariyar nan tasa ta kunya, don tunda yake bai taɓa kama sunanta ba. Aka ji Fanna tana cewa, "Sai fa ka faɗi sunan, Malam." Ya ce, "Ya Hanifa. Inna, in kina ji ki zo, akwai ɗaki. Iyalina tana da juna biyu. In mace ce, sunanki zan sa mata, Hanifa."

Yarinyar ta juyo ta kalle ni. "Mama, ashe ya san sunana."

Ta ɗan yi tunani, ta ƙara da cewa, "Kuma ba irin ta mai kifi ba ce."

Baba Pindar ya juya baya yana goge sukudireban da ba abin da ya taɓa shi.

Ya sa mini muryar a waya, ya sa a wayar ƙanwata, ya ce kada in sake yarda abu mai daraja ya kwana a wuri guda. Yanzu Hanifa ba ta tafiya makaranta sai ta ji.

Wushe, Baba, in ji Barebari, wato sannu da aiki. Na gode, Hanifa ta gode. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya tsare maka kunnuwan nan. Ku kuma da aka damƙa wa ajiyar mutane, a asibiti ne ko a makaranta ko a ofis, ku yi koyi da shi: kafin ku zare ko ku goge, ku tsaya ku saurara, don akwai mai jira a benci.

Baba Pindar zai bar wa Fanna sukudireban, da alkawarin ba za a goge ko murya ɗaya ba. Jiya da yamma sun sake watsa ta Abdulnasir. Na ƙara sautin rediyon, na bar ƙofar gida a buɗe.