Kanarin Malam Sale

Akwai wata Laraba ta watan Afrilu da ban taɓa mantawa da ita ba, kuma ba na jin zan manta. Shekara shida ke nan, amma har yau idan mutum ya shigo atiliye, wato shagon walda, ya miƙo mini waya ya ce, "Irin wannan nake so," sai in ji raina ya ɓaci tun ban dubi hoton ba. Ku da kuke aiki tare da ni kun sha tambayata dalili. To, ku saurara.

Lokacin ina walda a atiliyen wani Alhaji a nan Magarya. Shi ne patoro, wato mai wurin, shi ke karɓar aiki ya yi magana da masu shi. Ni ne shef a ƙarƙashinsa: ni ke zuwa awo, in yanka ƙarfe, in tsaya a kan aiki har a miƙa shi ga mai shi. Wata safiya ya kira ni ya nuna mini hoto a wayarsa. Ɗakin tsuntsaye ne na ƙasar Turawa, an kafa shi a kan ciyawa shar, da rufin roba mai haske wanda rana ke ratsawa. Ya ce wani babban ma'aikaci ne a Damagaram, wanda kowa ke kira Diraktar, yake so a gina wa mahaifinsa irinsa sak a bayan gida.

Mahaifin shi ne Malam Sale, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, da ya daɗe yana koyarwa a Dantchiao kafin ya ajiye aiki ya dawo gari. Idanunsa sun tafi, sai dai ya bambance haske da duhu. Abin da ya rage masa a duniya na jin daɗi shi ne kanarinsa goma sha ɗaya. Suna cikin ƙananan kejuna na kara, a rataye a rassan dogon yaro, daidai saman tabarmarsa. Da kansa yake lalubawa ya zuba musu gero da ruwa, kuma kowane ɗaya ya san shi da murya.

Ka'idar aikin ga wanda bai sani ba: kafin ka yanka ƙarfe ko ɗaya, sai ka je wurin ka ga inda rana ke faɗowa da inda iskar damina ke bugowa. Tsuntsu yana son rabin ɗakinsa inuwa. Idan ka rufa da tol, wato kwanon rufi, sai ka shimfiɗa zana a kai. Giriyaj kuwa, wato ragar waya, sai ka binne gindinta cikin siminti saboda ɓera da maciji. Wannan ko wanda ya yi wata uku a sana'a ya sani.

Da na je awo, sai na tarar Diraktar ya riga ya sa an yi alama da toka. Can ƙarshen fili, jikin katangar bulo, inda babu ko inuwar tsinke. Dalilinsa ɗaya ne, wai duk wanda ya shigo daga ƙofar gida idonsa zai fara sauka a kai. Ina cikin jan metir sai na ji tsohon ya ce, "Mai awo, zo mana."

Na je na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi sunana, na ce Lawali.

"Lawali, daga inda nake jin ƙarar metir ɗinka, jikin katanga kake, ko?"

"Nan ne, Baba."

"Wurin nan da azahar ko akuya ba ta tsayawa. Ka faɗa wa mutumin Damagaram ya dawo da shi nan kusa da itacen."

Na ce, "Baba, ai ɗanka ne. Kalma ɗaya za ka yi masa, magana ta ƙare."

Ya murza carbinsa. Sannan ya ce, "Ɗan fari ne. Tun da aka haife shi ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa zama na yi doguwar magana da shi ba. Yau da ya ɗauko abin arziki ya kawo mini, shi ne zan buɗe baki in ce bai yi ba? Kai dai ka faɗa masa, kamar daga gare ka."

Na yi masa alkawarin haka. Duk mun san wannan kunyar ta ɗan fari, a cikinta aka haife mu. Ban taɓa ganin aibunta ba sai a aikin nan.

Na koma na faɗa wa patoro. Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Lawali, hoto aka ba ka ko shawara aka nema a wurinka?" Na ce rufin robar nan a bazarar Magarya tanda ce. Ya ce in je in yi abin da aka sa ni.

Ranar Asabar Diraktar ya zo ganin aiki, da farar shadda da makullin mota a hannu. Na ja shi gefe na yi masa bayani dalla-dalla: ga rana, ga katanga da ke riƙe zafi, ga roba. Na ce idan ba za a matsar da ɗakin ba, a bar ni in shimfiɗa zana a sama. Sai ya yi dariya.

"Zana? In kashe wannan wahala duka, ka mayar mini da shi rumfar mai tsire?"

Ganin ba zai ji ba, sai na karya alkawarin da na yi wa tsohon, na ce, "Ranka ya daɗe, Baba ma bai so wurin ba."

Fuskarsa ta canza. Ya taka har gindin dogon yaro, ya cire takalmi, ya durƙusa nesa kaɗan da tabarmar, ya ce, "Baba, an ce wurin bai yi maka ba?"

Ina tsaye ina addu'a a zuciyata. Malam Sale ya kau da fuska gefe, ya ce, "Allah ya yi albarka."

Shi ke nan abin da ya faɗa. Kowane ɗan garin nan ya san abin da wannan amsar take nufi idan dattijo ya ba da ita fuska a kauce: bai gamsu ba ke nan. Diraktar ma a gidan nan ya tashi, ya sani sarai. Amma sai ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa ya dube ni ya ce, "Ka ji da kunnenka. Ku ma'aikata, in kuna son sauƙin aiki sai ku jingina da tsofaffi."

Wallahi na ji maganar har cikin ƙashina. Sauƙin aiki? Gindin itacen ai ya fi wuya, sai na yi ta kauce wa saiwa. Amma na haɗiye, na koma na kunna inji.

Kwana tara muka yi. Tsawo metir huɗu, faɗi biyu, ginshiƙai shida, ƙofa biyu a jere don kada tsuntsu ya kuɓuce idan an buɗe. Na yi fenti kore a ƙarfen waje kawai, na bar shi kwana shida ya bushe har babu sauran wari. Ku riƙe wannan, don za a zo kansa. Ranar Lahadi da la'asar, Diraktar yana sauri zai koma Damagaram, ya sa aka sauko da kejunan aka juye tsuntsayen a sabon ɗaki. Ya tsaya a gaba aka ɗauke shi hoto, ya shiga mota ya tafi.

Litinin da Talata an yi hazo-hazon gajimare, abin ya zo da sauƙi. Laraba gari ya waye tas. Ina wani aikin ƙofa a bakin kasuwa, amma hankalina yana can. Da aka yi azahar na kasa daurewa, na hau moto, wato babur, na tafi.

Na yi sallama ba a amsa ba. Matan gidan sun tafi bikin suna a maƙwabta. Da na zagaya baya sai na hango Malam Sale tsaye a tsakiyar rana, ba hula, ba takalmi. Shi kaɗai ya lalubo hanya tun daga tabarmarsa. Ya tuɓe babbar rigarsa ya jiƙa ta a randa, ya ɗaga ta da hannu biyu ya manna a jikin raga, wai ya yi musu inuwa. Tsoho mai shekara kusan tamanin, rigar ma ba ta rufe ko kwatan wurin ba.

Ya ji takuna ya ce, "Wane ne?"

"Lawali ne, Baba."

"Yauwa. Duba mini. Tun hantsi suke raguwa. Yanzu motsin huɗu kawai nake ji. Sauran sun yi shiru ne, ko?"

Na leƙa. Huɗu suna maƙale a raga ta gefen rigar, baki buɗe, fukafukai a sake. Bakwai suna ƙasa a kan siminti. Na taɓa ƙarfen ƙofa, sai da na janye hannu.

Ban san yadda ake faɗa wa makaho irin wannan ba. Na ce, "Baba, huɗun ne."

Ya ce, "Akwai wani mai ɗan fari a fiffiken hagu, an ce mini. Liman nake ce masa, shi ke fara kuka da asuba sauran su bi. Yana sama ko yana ƙasa?"

Na duba. Na ce, "Yana ƙasa."

Ya sauke rigar a hankali. Na kama hannunsa na mayar da shi inuwa, tafin ƙafarsa duk ya yi ja. Na ɗauko tsofaffin kejunan daga inda aka jefar da su bayan madafa, na kamo huɗun nan na yayyafa musu ruwa, na mayar da su reshensu. Ban nemi izinin kowa ba.

Kafin magariba labari ya kai Damagaram. Diraktar ya kira patoro yana faɗa, wai fentinmu ne ya kashe tsuntsayen mahaifinsa, mun sa mai guba. Fentin da ya yi kwana shida yana bushewa! Patoro kuma, mutumin da na faɗa wa gaskiya tun ranar farko, ya dube ni ya ce, "Jumma'a zai zo. Ka je ka ba shi haƙuri, a rufe maganar." Na ce zan je, amma ba haƙuri zan bayar ba. A gaban kowa zan tuna masa zancen zana da rumfar mai tsire, in ya so a kore ni.

Jumma'a na riga shi isa gidan. Na gaishe da Malam Sale, ya lalubo wuyan hannuna ya riƙe.

"Na ji an ce ka zo da magana a bakinka."

"Baba, ƙarya aka yi mini."

"Na sani. Ni na fi kowa sani." Ya ƙara matse hannuna. "Amma in ka faɗa, zai san shi ya yi. Yaron nan so ya yi ya faranta mini, bai iya ba ne. In ya san shi ya kashe su, kunya za ta hana shi shigowa gidan nan, ni kuma ba zan iya kiransa in ce ya zo ba. Na rasa bakwai, Lawali. Kada ka ƙara mini da shi."

Na ce, "To ni fa, Baba? Sunana fa?"

Ya ce, "Kai yaro ne, aikinka zai wanke ka. Roƙonka nake yi."

Dattijon da ya koyar da rabin ma'aikatan yankin nan karatu yana roƙona. Da Diraktar ya iso, na durƙusa a gabansa na ce fentin ne, a yi haƙuri. Ya yi kusan rabin awa yana yi mini wa'azi a kan ma'aikatan ƙasar nan da ba su san aikinsu ba, ba su da tausayi. Ya ce albarkacin Baba ya bar ni. Patoro yana gefe yana gyaɗa kai. Na fita daga gidan, kuma ban ƙara wata biyu a atiliyen ba. Kusan shekara guda ana nuna ni a gari ana cewa ga mai fentin da ya kashe tsuntsayen Malam. Sai bara, da Allah ya yi wa tsohon rasuwa, na fara ba da labarin yadda yake.

Abin da na koya shi ne, a sana'armu sau da yawa wanda ya kira ka daban, wanda aikin zai zauna a kansa daban, kuma na biyun shi ne wanda ba ya iya magana. Wani kunya ta rufe masa baki, wani tsoro, wani kuwa dabba ce. Kai da ka riƙe metir kai kaɗai ne bakinsu. Shi ya sa a nan wurin, in aiki bai yi ba, nakan ce bai yi ba sau ɗaya, in mai shi ya nace in nuna masa atiliyen gaba.

Har yau ina jin haushin Diraktar, ina jin na patoro, har shi Malam Sale, Allah ya ji ƙansa, akwai ranar da nake jin haushinsa. Amma kada ku ɗauka na fita da hannu mai tsabta. Na san abin da rufin nan zai yi tun ranar da na ga hoton, na kuma zauna na yi masa waldar da ban taɓa yin mai kyau irinta ba. Ranar Lahadin da ake juye tsuntsayen ciki ɗaya bayan ɗaya, ni ne na riƙe musu ƙofa.