Sakan Goma Sha Biyu

Shekara ashirin da shida Mai-Usur ya yi a tsakiyar mararrabar nan, bisa ɗan dandamalin siminti, yana ba da hannu. In ya ɗaga farar safar hannunsa, ko tirela ce sai ta ci birki. Tsohuwa in ta zo tsallakawa kuwa, tsayar da kowa yake yi har ta kai, direbobi su yi ta ƙunƙuni.

Da aka kawo danja ba a kore shi nan take ba. Akwatin ƙarfe aka kafa a bakin titi, shi ke murɗa makunni, ja ko kore, yadda idonsa ya ga ya dace. Bayan shekara uku sai ga wani injiniya da agogo rataye a wuya, ya ce za a yanka wa fitilar lokaci ta riƙa juya kanta.

"Yallaɓai, kai ka san wurin nan. Sakan nawa mai ƙafa ke buƙata? Ɗan taka mana mu gani."

Yallaɓan nan ne ya cuce shi, don babu wanda ya taɓa kiransa haka. Ya gyara hula, ya turo ƙirji, ya ratsa titin da takun fareti. Agogo ya nuna sakan sha biyu. Mai-Usur ya sa hannu a takarda yana washe baki. Bayan wata biyu aka sallame shi.

Tun daga nan me ba a canza ba? An binne waya mai jin zuwan mota a ƙarƙashin kwalta, an tone ta an ɗora kyamara, yanzu ma kwamfuta ce daga wani ofis ke juya fitilun. Amma kowace na'ura sai ta gaji lambar wadda ta gabace ta. Sha biyun nan ko gezau.

Yau ga shi ya tsufa, gwiwar matarsa ta ƙi. Asibitin da ake gasa mata ita yana tsallake, daga ƙofar gidansu ana hango shi. Sau biyu fitila tana juya musu a tsakiyar titi, daidai inda dandamalinsa yake a da, motoci na danna hon, ita kuwa ta ƙanƙame rigarsa. Ya ɗaga hannu, ko kallo bai ishe su ba. Ta rantse ba ta ƙara zuwa, ƙafar kuwa kullum sai ƙara kumburi take.

Ransa a ɓace ya tafi ofishin ya kai kuka. Wata ma'aikaciya ta danna-danna, ta juyo masa da fuskar kwamfutar.

"Baba, ba da ka muka sa ba. Wanda ya san wurin ne ya auna. Ga sa hannunsa nan."

Ya gane shi tun daga nesa, har da 'yar lanƙwasar da yake yi wa harafin ƙarshe don ado. Ya juya ya fita.

A gida ya tarar da ita ta miƙe ƙafar bisa matashi.

"Malam, sun gaya maka wane marar imani ne ya yanka lokacin nan?"

Ya daɗe yana cire takalmi.

"Sun ce ya bar aiki tuntuni."