Auren da Baba Ya Ɗaura wa Turawa

Kafin bara, mahaifiyata ba ta taɓa shiga silima ba, amma ta fi ni sanin finafinai. A zamaninsu matar aure ba ta zuwa kallo a Kano, shi kuwa Baba aikinsa ke nan, shi ke juya na'urar haska fim. Washegari da hantsi sai ya zauna yana shan koko yana ba ta labarin abin da ya haska, har da kwaikwayon murya. Akwai wanda ta fi ƙauna, wani tsohon fim na Amurka marar launi. Ba ta riƙe sunan 'yan wasan ba. Jarumar ita ce Mai Dogon Wuya, jarumin kuma Ɗan Gaye, kuma duk gidanmu mun tashi da sanin cewa bayan sun sha wuya sun yi aure.

Bara suka zo wurina a Peckham, can ƙasar Turawa, don a duba idon Baba. Muna fitowa daga asibiti a Marylebone muka ga hoton fim ɗin a ƙofar wata ƙaramar silima. Da ido ɗaya Baba ya gane wuyan. Ni da rawar kai nan take na kama mana kujeru uku, Asabar da rana.

Ranar Alhamis Baba ya fara ciwon gwiwa. Juma'a ya ce sanyi ya yi yawa. Asabar muna jiran bas, Mama na gyara mayafi a gefe, ya jawo hannuna.

"Auta, a yi cancel ɗin abin nan."

"Saboda me, Baba?"

"Ba su yi aure ba. Ni na ɗaura musu."

Na buɗe baki na kasa rufewa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, in ji masu magana, amma na Baba ya yi shekara arba'in ana tafiya a cikinsa. Mutumin da Mama ke cewa bai taɓa yi mata ƙarya ko da wasa ba! Na tausaya masa, kuma wallahi dariya ta kusa kashe ni. Sai ga bas.

Zauren cike yake da tsofaffin Turawa, shiru kamar ana jiran liman. Mama kuwa ba ta san wannan dokar ba. Jarumar na bayyana ta ce da ƙarfi, "Ga ta nan! Wallahi wuyan ne!" Wata tsohuwa a gabanmu ta waiwayo, Mama ta gaishe ta. Can Mama ta ce, "Malam, ba ka faɗa min yana shan taba haka ba." Ta yi ta ba jarumar shawara. Baba dai ya dunƙule cikin rigar sanyi.

Aka zo tashar jirgin ƙasa. Mai Dogon Wuya ta shiga, Ɗan Gaye ya tsaya a ƙasa. Mama ta ce, "Yanzu zai hau." Jirgi ya tashi, bai hau ba. Tsohuwar gabanmu ta fara sharar hawaye, allo ya yi baƙi.

Baba ba ya tashi sai sunayen ma'aikata sun ƙare, mai ɗaukar hoto, mai haske, har tela, don ya ce abokan sana'arsa ne. Ranar nan ya karanta su kamar za a yi masa jarrabawa. Aka kunna fitila, zaure ya watse, saura mu uku.

"Malam," Mama ta ce ba tare da ta dube shi ba, "ina auren?"

"Babu."

"Ni da nake ta yi wa yarinyar nan fatan zaman lafiya a gidan miji?"

Ya daɗe yana murza hularsa.

"Ranar da na ba ki labarin, kwana uku ke nan da binne ɗanmu na fari. Kin ƙi ci, kin ƙi magana. Da na zo wajen jirgin, na ga ba zan iya ƙara miki wata rabuwa ba."

Ban taɓa jin sun ambaci wannan yaron a gabana ba.

Mama ta goge fuska da bakin mayafi, ta ɗauki sandarsa ta miƙa masa. Sai da muka zauna a bas ta dafa gwiwarsa.

"Waɗannan ba su iya ba. Ka ɗauko min labarin daga tasha."

Baba ya gyara murya.

"To, jirgin bai yi nisa ba, sai direba ya taka birki."