Ranar da Kalangu Ya Bi Agogona

Shekarun baya, wata Asabar, ƙarfe biyar daidai na yamma, muna zaune mu uku a ƙofar gidanmu a Agege, Legas: ni, da ƙanina, da ogansa na abbatuwa. Ƙanin nawa dakon nama yake yi. Okada, wato acaɓa, ta buge shi a Iyana Ipaja, ƙafarsa ta karye, ya daɗe yana jinya. Ƙashi ya haɗu, amma oga ya ƙi mayar da shi aiki.

"Ni fa ba zan kashe ɗan mutane ba," in ji oga. "Saɓa rabin saniya ba wasa ba ne."

Ƙanina ya ce ai likita ya tura shi gidan motsa jiki, yana jan injin kwale-kwale. Inji ne da mutum zai zauna a kai, ya tokare ƙafafu, ya riƙa jan sarƙa kamar mai tuƙi, wani ƙaramin allo yana nuna masa nisan da ya ci. Ya ce ƙarshen wata ma za a yi gasar mita dubu biyu.

Oga ya ƙyalƙyale da dariya. "Kwale-kwale a tudu? To na ji. Ka gama dubu biyun nan ba ka tsaya ba, ka dawo bakin aikinka."

Matsalar ita ce inji ɗaya ne a gidan, layi kuma dogo. Dokar mai gidan, kowa mita ɗari biyar zai ja ya sauka. Don haka ƙanina bai taɓa jan dubu biyu ba. Ɗari biyar ɗin kuwa yana cinye ta cikin minti biyu ba kaɗan.

"Yaya, lissafi mai sauƙi ne," ya ce. "Sau huɗu, minti takwas ma ba za su cika ba."

Na ce masa ni makaranta ban yi nisa ba, amma na yi lodin buhuna a Ilupeju. Saurin da aka loda motar farko da shi, ba da shi ake loda ta huɗu ba. Saboda haka na tsara abu uku. Na farko, zan shiga layi a bayansa in ba shi hawana, ya ja dubu ɗaya a jere. Haka na riƙa tsayuwa da kaftani da hula a tsakiyar samari masu gajeren wando, suna ce mini "Alhaji Koci". Na biyu, mu ga nawa rabi na biyu zai ja baya. Ya kuwa ja baya sosai. Na uku, daga nan na yanke masa minti takwas da rabi, da sharaɗin ya fara a hankali. Ya ɓata rai, ya ce na raina shi.

Ranar gasa mahauta suka cika gidan, har da tsohon makaɗinsu da kalangunsa a hammata. Ɗaya bayan ɗaya ake hawa. Wani ƙaton saurayi ya fara. Tsoho ya saki kiɗa, ya hau yi masa kirari, yaro ya riƙa fizgar sarƙa kamar zai tsinka ta. Bai kai rabi ba ya zame ƙasa yana haki. Na waiwaya, sai na ga kafaɗun ƙanina tuni sun fara rawa.

Na je gaban tsoho na durƙusa. "Baba, alfarma nake nema. In na buga gwiwata, ka buga. Kada ka wuce ni."

"Kai yaro, tun kana goye nake kiɗa. Yau kuma agogo zan zama?"

"Abincinsa ne a kan injin nan, Baba."

Ya dube ni, ya dubi ƙafar ƙanina. "To buga mu ji."

Haka aka fara, ina kallon agogona ina buga gwiwa, kiɗa sannu-sannu. Mahauta suna ta tsiya: "Baba ya tsufa! Ko zaman makoki muka zo?" Bai kula su ba. A kashi na uku cikin huɗu ƙanina ya ɗago ya kalle ni, na san kallon, sauka yake so ya yi. Kafin in yi magana tsoho ya matso dab da kunnensa, kiɗan bai canja ba, ya ce, "Na abbatuwa, saura kaɗan. Ja ɗaya ka ba ni. Yawwa. Ƙara ɗaya."

Da aka shiga ɗari biyar ta ƙarshe bai jira gwiwata ba, ya saki kalangu gaba ɗaya. Ni da na hana kowa ihu, ashe na fi kowa tsalle, sai bayan an gama wani yaro ya miƙo mini hulata daga ƙasa.

Minti takwas da rabi da 'yan daƙiƙu. Bai zo na ɗaya ba, bai ma kusa ba, amma bai tsaya ba.

Oga ya dafa kan ƙanina. "Litinin da safe. Amma da ƙafar saniya ɗaya za ka fara, kada yayanka ya kawo mini agogo abbatuwa."

Tsohon ya rasu, Allah ya jiƙansa. Har yau in na ji kalangu sai in sami hannuna yana buga gwiwata. Ƙanina kuma har yau cewa yake da na bar shi da ya fi haka sauri.

Roƙona gare ka mai karatu: in naka ya ɗauko doguwar tafiya, kada ka ƙarar da ihunka a farkonta. Ka tsaya kusa da shi a kashi na uku, lokacin da zai ɗago ya kalle ka.